GARGAƊI: Naira 385,000 na tura wa wani mai sayar da injin gahawa a intanet, ku karanta kafin ya kama wani

Kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba. Na so in yi shiru saboda kunya, amma jiya da daddare na ga mutumin nan ya sake buɗe shafi da wani suna, da hotunan nan dai da ya yaudare ni da su, har mutane suna tambayarsa farashi. Shi ya sa na kasa haƙuri.

Naira 385,000. Ban da 18,000 na kuɗin mota daga Legas zuwa Kano. Kuma ba kuɗina ba ne, na ofis ne, abin da ya fi ci min rai ke nan. Shekara 11 ni nake yi wa ofishinmu sayayya, daga firinta har batiran sola, ko sisi bai taɓa salwanta a hannuna ba. Ina faɗar wannan ne saboda na san akwai masu cewa ai wauta ce ko kwaɗayin araha. Wallahi ba araha na bi ba. Na zagaya shaguna a nan Kano, na duba farashin Abuja, abin da ya faɗa bai yi ƙasan da zai sa mutum zargi ba. Da ya ce 150,000 da tun a nan na gudu.

Oga ne ya ce ya gaji da ba baƙi gahawar gwangwani da ruwan fulas, a nemo injin da ke niƙa 'ya'yan gahawa da kansa ya tace a take. Na zauna na yi bincike sosai. Na gane bambancin mai ɗan ƙoƙon roba da ake sakawa a jefar, wanda kullum sai ka sayi ƙoƙunan, da mai niƙa da kansa. Na duba ƙarfin wutar da yake ja, wat 1,450, har na tambayi mai haɗa mana sola ko inbatarmu za ta ɗauka, ya ce a riƙa kunna shi in akwai wuta ko janareta. Duk wannan na yi. Mutumin da ya yi wannan ba da ka ya sayi kaya ba.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne kiran bidiyon. Ni na nema, ban yarda da hoto ba. Ya ɗauka nan take, ya juya kyamara ya nuna min shago, kwalaye a jere, ya buɗe ɗaya a gabana, inji sabo fil a cikin leda, ƙirar Italiya. Sai ya juya harshe zuwa Hausa, ya ce, "Yaya, ni ma ɗan gida ne, neman abinci ya kawo ni Legas. Amana ce tsakaninmu." Muna cikin magana ya ce in yi haƙuri zai je ya yi la'asar ya dawo. Kuma ya dawo ya kira ni da kansa. A nan zuciyata ta kwanta. Ina ta tambayar kaina, da bai ce zai je sallah ba, da na tura? Na san da sai na ƙara bincike. Da sallah ya kama ni, da "Yaya" ya kama ni. Allah ya isa.

Af, tun kafin kiran ma, ko bayansa ne, na rikice, ya turo min rasit mai hatimi da hoton katin shaida. Sunan da ke katin daban, sunan asusun da na tura kuɗin daban. Na lura a lokacin, na kuma tambaya, kada wani ya ce ban tambaya ba. Ya ce asusun matarsa ne, nasa ya kai iyakar abin da zai karɓa a rana. Na danna, 385,000 suka fita.

Kaya ya iso bayan kwana huɗu, na je tashar manyan motoci ta Sabon Gari na ɗauko. Kwalin dai shi ne, amma an liƙe shi da salatif ta ko'ina. A ofis muka buɗe a gaban kowa, har oga ya fito. Injin ya ɗan ƙode a gefe, na ce ko wahalar hanya ce. Fulogin mai baki uku ne irin namu, don haka ban yi tunanin komai ba. Na zuba ruwa, na saka a soket. Ko minti ɗaya bai yi ba muka ji ƙara, fau, sai hayaƙi da warin ƙonanniyar waya suka cika ɗakin. Ba wanda ya ce uffan. Wannan shirun har yanzu ina jin sa.

Mai gyara ne ya buɗe min ido. Ya kifa injin, ya nuna min takardar da ke manne a ƙasansa da aka kankare da reza, amma ana iya karanta 120V 60Hz, wato irin wutar da aka yi shi dominta. Na kasuwar Amurka ne. Wutarmu 230 ce, 50Hz. Ya ce abin dumama ruwan da aka yi don 120 in ya sha wutarmu zafin da zai yi ya kusa ninki huɗu, dole ya ƙone. An yanke asalin fulogin mai siraran ƙafafu an ɗaura namu don kada a gane. Da ya kwance ciki kuwa, bututun duk farin gishirin ruwa ya daskare, wurin niƙa cike da tsohon gari da ya yi baƙi. Ya ce wannan ya sha aiki shekaru. Gwanjo ne aka wanke aka saka a sabon kwali. Wanda ya nuna min a bidiyo daban, wanda ya turo daban.

Na kira mai kayan a ranar, tun kafin in je wurin mai gyara ma. Ya ce wutarmu ce ta yi yawa, laifin NEPA ne. Washegari da na tura masa hoton 120V ɗin ya ce zai canza, in ƙara 40,000 na dawo da kaya. Na ce ya fara mayar min da 385,000. Ya karanta, bai amsa ba. Da yamma ya toshe ni a WhatsApp, shafin ya yi ɓatan dabo. Mutumin da ke ce min Yaya.

Na kai ƙorafi banki, na kuma shigar da ƙara wurin 'yan sanda, ina jira. Hirarmu gaba ɗaya tana nan, da shaidar tura kuɗi, da hoton takardar da aka kankare, da na sabon shafinsa. An ce in dakata da sunan asusun har a gama bincike, amma sauran zan ɗora su a ƙarƙashin wannan rubutu yau da daddare.

Ku dai kada ku biya sai kaya ya zo hannunku. Ku kifa inji ku duba 220–240V da idonku. Sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, ku tsaya.

Oga bai ce in biya ba, ya ce ƙaddara ce. Ni na ce a riƙa cire 35,000 daga albashina duk wata har wata 11. Injin yana nan cikin kwalinsa a ƙarƙashin teburina, na hana a jefar saboda 'yan sanda sun ce za su buƙace shi.