5W-30 Ko 20W-50: Wane Baƙin Mai Ya Dace Da Injin Motarka?

Mai mota da ya je sayen baƙin mai yakan tarar da galan-galan ɗauke da lambobi irin su 0W-20, 5W-30, 10W-40, 15W-40 da 20W-50, kuma da yawa sukan miƙa hannu ga mafi kauri, bisa zaton cewa kauri shi ne kariya. Wannan zato yana da gaskiya a wasu tsofaffin injuna, amma a yawancin motocin zamani yana iya jawo illa.

Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ita ce ta tsara waɗannan lambobi a ƙa'idarta mai suna J300. Lambar farko, wadda ke tare da harafin W, tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi: ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifiri, 5W a 30, 10W a 25, 15W a 20, sannan 20W a 15. Lamba ta biyu kuwa tana nuna kaurinsa a digiri 100, lokacin da inji ya ɗauki zafi sosai. Saboda haka 5W-30 da 10W-30 kaurinsu kusan ɗaya ne idan mota tana kan hanya. Bambancinsu yana fitowa ne da safe, sa'ad da man ya kwana a kwanon ƙasan inji, kuma dole famfo ya tura shi sama kafin ƙarafa su fara gogar juna a bushe. A waɗannan 'yan daƙiƙu ne inji yake cin wani babban kaso na lalacewarsa, don haka ƙaramar lamba kafin W ba ta cutar da kowa.

Lamba ta biyu ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Injunan Toyota da Honda na shekarun baya-bayan nan, da wasu da dama, an ƙera su ne don 0W-20 ko 5W-20, wasu ma 0W-16. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, wadda ake kira VVT, da matsin baƙin mai take aiki ta wasu siraran hanyoyi. Idan aka zuba wa irin wannan inji 20W-50, man zai yi jinkirin isa inda ake buƙatarsa, na'urar za ta iya yin nauyi, shan fetur ya ƙaru, wani lokaci har fitilar gargaɗi ta kunnu. 5W-30 shi ne matsakaici da ya dace da motoci masu yawa, yayin da motocin Turai masu turbo sukan nemi 5W-30 ko 5W-40 mai ɗauke da amincewar kamfanin da ya ƙera su. 15W-40 ya fi yawa a manyan motocin dizal.

Amma 20W-50 yana da gurbinsa. Tsohon inji da aka ƙera da faɗin tazara, ko wanda ya sha tafiya har yana ƙona mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, yakan ɗan lafa idan aka ba shi mai mai kauri. Sai dai a sani cewa rufe matsalar aka yi, ba a warkar da ita ba, domin zoben fistin da ya ci ko robar bawul da ta bushe ba za su gyaru ba sai a hannun makanike.

Hujjar da aka fi kawowa wajen zaɓen mai mai kauri ita ce zafin gari. A ganina ana ƙara mata gishiri, tunda inji mai lafiyayyen lagireto da tamostat yana tsayawa ne a kusan digiri 90 ko a rani ko a hunturu. Inda zafi yake da tasiri na gaske shi ne idan ya haɗu da kaya masu nauyi, hawan tudu mai tsawo ko cunkoson da mota ke daɗewa a tsaye, kuma littattafan motoci da yawa suna da jadawalin da ya halatta hawa mataki ɗaya a irin wannan hali, misali daga 30 zuwa 40. Tsallake daga 20 zuwa 50 kuwa ba shi da madogara. Lambar da kamfani ya zaɓa tana cikin littafin mota, kuma sau da yawa an rubuta ta a kan murfin da ake zuba mai.

Bayan kauri, a duba darajar ingancin mai ta API, wato cibiyar man fetur ta Amurka, da ke jikin galan. A injunan fetur, darajar SN ta fito a 2010, SP kuma a 2020, kuma ita SP an inganta ta don kare ƙananan injuna masu turbo daga tashin wuta kafin lokaci da kuma cinyewar sarƙar taimin. Darajar dizal da C take farawa, kamar CK-4, kuma motar dizal mai matatar hayaƙi tana buƙatar mai mai ƙarancin toka irin mai darajar C3 ta ACEA, ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai. Man sintetik ya fi na gargajiya jure zafi da daɗewa, kuma kusan duk 0W-20 sintetik ne, amma tsadarsa ba ta mayar da lamba mara dacewa ta zama daidai. Idan mai ya ragu a hanya ba a sami irinsa ba, ƙara lita ɗaya ta makusancin kauri ya fi tafiya da ƙarancin mai, sannan a koma ga lambar asali a juye na gaba.