Sharhi: ƙaramar ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa da ake haɗawa da hannu

Mai sha'awar shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur yakan kai matakin da tasha da 'yan gidajen gefen hanya ba sa isarsa. Jirgi yana ta zagaye, amma babu inda ake gyara shi. Dalilin da ya sa na yi odar wannan kwali ke nan daga wani ƙaramin kamfani a Amurka: ma'aikatar injuna ce irin ta zamanin jirgin tururi, a ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87 na girman ainihi. A wannan ma'auni ƙafa ɗaya milimita 3.5 ce, faɗin dogo milimita 16.5, ƙaton namiji kuwa da kaɗan ya wuce santimita biyu. Sai ka kwatanta girman sifana a hannunsa.

A cikin kwalin akwai bangaye na siririn katako da aka yanka da leza, da tagogi, da takardar rufi, da jakunkunan leda cike da injuna na farin ƙarfe mai taushi. Ginin kansa bai ba ni wahala ba. Yankan ya fita tsaf, kusurwoyi suna haɗuwa ba sai an danna ba. Abu ɗaya dai: katakon yana lanƙwashewa da zarar ya sha fenti a fuska ɗaya, balle a bushewar hunturu. A kafa masa sanduna ta ciki tun kafin fenti, a shafa wa fuskokin biyu, a danne da littafi mai nauyi ya kwana.

Inda kuɗina ya fita shi ne cikin ɗakin. Kafin kowane inji ya samu motarsa ta lantarki, injin tururi guda ɗaya ne ke tuƙa ma'aikata baki ɗaya. Yana juya wata doguwar sandar ƙarfe da ke rataye a ƙarƙashin rufi daga wannan bango zuwa wancan, a jikinta an jera fayafai, daga kowane faifai bel na fata ya sauko zuwa injin fiƙe ƙarfe, ko na huda, ko na goge fuska. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai injin niƙa ya ga yadda bel ke ɗauko ƙarfi daga wannan inji zuwa wancan ya riga ya gane tsarin, sai dai a nan bel ɗin sun cika sama. Masu zana kwalin sun san aikinsu. Sun sa fayafai biyu gefe da gefe, ɗaya a ɗaure da sanda, ɗaya sake, domin ma'aikaci ya tura bel kan saken ya tsayar da injinsa ba tare da ya tsayar da na kowa ba. Sun sa faifai mai hawa-hawa na canja gudu. Har bel ɗin da ake harɗewa don inji ya juya baya sun nuna wurinsa. Ban fahimci yadda irin wannan wuri yake aiki ba sosai sai da na jera shi da hantsaki, faifai bayan faifai, kuma wannan kaɗai ya isa in yaba musu.

Ba ƙirƙira suka yi ba. Ma'aikatar layin East Broad Top da ke Rockhill Furnace a jihar Pennsylvania tana nan da sandunanta da bel ɗinta, tun bayan da layin ya daina jigilar gawayin kwal a 1956. Haka ta Railtown 1897 da ke Jamestown a Kalifoniya. Hotunan waɗannan wurare biyu sun taimake ni fiye da takardar bayanin da ke cikin kwalin.

Takardar nan ce babban ƙorafina. An yi shafi bayan shafi a kan bango da taga, da aka zo kan sandar sama, wurin da mutum ya fi buƙatar jagora, sai zane ɗaya ƙarami mai duhu. Ba a faɗa maka cewa dole ka tsayar da wurin kowane inji a ƙasa kafin ka manna fayafan sama ba, alhali in faifai bai yi daidai da injinsa ba bel zai karkace, ido kuwa yana kama wannan nan take. Wasu injunan ma sun zo da tsiron ƙarfe a gefe, sai da magagari da samfefa. Takardar da suka bayar ta yin bel ta yi kauri. Na yanka siririyar takarda mai ruwan ƙasa da reza, ta fi kama da fata. Gam iri biyu ake buƙata, fari na katako da sufagulu na ƙarfe, babu ko ɗaya a kwalin.

Sannan rufin. Yadda suka tsara, manna shi za a yi, ya binne duk wahalar da aka sha. Ban yarda ba. Na haɗa shi a gefe yadda za a iya ɗagawa, na kuma ɓoye ƙananan fitilun LED masu launin ruwan ƙwai a jikin azarar, kowace da abin rage ƙarfin wuta. Farar fitila tana sa wurin ya yi kama da asibiti, alhali ma'aikatar tururi wuri ne na baƙin mai da toka. Don haka ma na bi daɓen da injunan da baƙin fenti da aka tsinka sosai, ya shiga lunguna.

Da tsada, musamman in an haɗa da kuɗin kawowa a farashin dala na yanzu. Wanda bai taɓa haɗa ko rumfa ba ya fara da ƙaramin gini na roba tukuna, don wannan zai iya kashe masa gwiwa. Amma mai ɗan hannu, da haƙuri, da madubin ƙara girma, ya saya. Ya ajiye shi a gaban tebur kusa da loko, wato wurin ajiye kawunan jirgi, da reshen dogo guda da zai shiga ta babbar ƙofa, inda mai kallo zai iya sunkuyawa ya leƙa ta taga.