Daɓen aji a Jamus: ba a shimfiɗa komai sai an auna danshi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai a ginin makaranta a Jamus shi ne a gama gini, a yi fenti, kujeru na jibge a sito, mai shimfiɗa daɓe ya zo ya ce ba zai taɓa ajin ba. Dalilinsa danshi. Zai fasa simintin ƙasa har gindi, ya ɗebi gari giram 50, ya zuba a kwalbar ƙarfe tare da kabayid irin na masu walda, ya yi ta girgizawa. Ruwan da ya rage a simintin ya haɗu da kabayid ya zama iska, allurar ma'auni ta motsa. In danshi ya haura kashi 2 cikin 100, ko 1.8 inda aka binne bututun ɗumama ɗaki, sai ya tattara kayansa. Siminti mai kaurin santimita 4 yakan ci wajen mako 4 kafin ya kai nan. Ba mai ce masa "lallaɓa mana, gwamna zai zo buɗewa", domin in daɓen ya kumbura shi za a kama.

Cikin abubuwan da suka fi shimfiɗawa a aji akwai linoliyam. Kada ku ɗauka ledar tsakar ɗaki ce ta kasuwa. Da man 'ya'yan wani tsiro mai suna filas ake yin sa, da garin katako, da ƙaro, da garin farar ƙasa, a kan algarara, kuma garin Delmenhorst ya daɗe da yin suna a kansa. Kaurinsa milimita 2.5, faɗin nadi mita 2. A fara daidaita ƙasa da ruwan siminti na musamman, a shafa gam, a bi da abin dannewa mai nauyi, washegari a narka zare a cike mahaɗa don kada ruwan goge-goge ya shiga. Launinsa har ciki ne, ko ya ci ba ya zama dabbare-dabbare, kuma ƙarar jan kujera ba ta cika kunne. Amma yana da tsirfa: sabulu mai kaifi yana cinye fuskarsa ya sa ya yi rawaya.

Santsi ma da lambarsa, daga R9 zuwa R13, lamba na hawa santsi na raguwa. Aji R9, banɗaki R10. A bakin ƙofar shiga akwai tabarmar goge takalmi da ba ta gaza mita 1.5 ba, kuma a firamare da yawa yara na sauya takalmi kafin su shiga aji. Mu da muke cire takalmi a ƙofar masallaci da ɗakin tsohuwa, ban san abin da ya hana mu yi wa aji haka ba.

Ba cewa nake a kwaso linoliyam a kai Gumel ko Tasawa ba. Yashin hunturu zai kankare shi, danshin damina ya ɗaga gam ɗin. Abin haushin shi ne ramukan da ke azuzuwanmu ba laifin siminti ba ne. Ana cika ƙasa ba a danne ta ba, ba a shimfiɗa leda mai kauri ta tare danshi, buhu guda a jibga masa yashi har kwaɓin ya yi fari, a zuba da rana tsaka, ba a ba shi ruwa. Kafin shekara ƙafar benci ta huda shi. Wanda ya samu kuɗi kuma sai ya manna tayil mai ƙyalli, yaro ya shigo da jiƙaƙƙen silifa ya sha ƙasa. Iyayenmu mata da suke daɓe da tsakuwa da makuba sun fi waɗannan 'yan kwangila sanin haƙurin aiki, wallahi har yau ina kewar sanyin irin wannan ɗaki.

Ga wanda ke kwamitin makaranta: siminti kwano 1, yashi mai kaifi kwano 3, a yi ta yayyafa ruwa kwana 7, a yanka layin tsagewa duk mita 3 zuwa 4. In da hali a yi tarazo, wanda har yanzu yake nan garau a tsofaffin makarantun gwamnati. In tayil ne, a sayi mai kaushi, a cika bayansa da kwaɓi kada a bar kogo. Kafin a manna komai, a liƙa leda mai faɗin rabin mita a ƙasa da salatif ta kwana. In an ɗaga da safe aka ga raɓa ko ƙasan ta yi duhu, a dakata.