Sharhina a kan na'urar awon suga ta Accu-Chek Active

Salam 'yan uwa masu fama da ciwon suga da masu jinyarsu. Tunda likita ya ɗora ni a kan maganin suga na metformin ya ce in nemi na'urar awo ta gida, wannan na saya kuma gaskiya ban yi nadama ba.

Aiki da ita ba wuya, ka zura tsinken gwajin (ɗan siririn abin da ake ɗiga wa jinin) a cikinta, ka ɗan huda gefen yatsa ba tsakiya ba don gefe ya fi sauƙin zafi, ɗigon jini kaɗan ya isa, cikin daƙiƙa 5 lamba ta fito. Tana ajiye sakamako har 500 da kwanan wata kuma tana fitar da matsakaicin na kwana 7, 14, 30 da 90, to ranar asibiti ba sai an tsaya ana kame-kame ba, miƙa wa likita kawai nake ya duba da kansa.

Amma babban amfaninta a wajena shi ne ta nuna min abin da abincinmu ke yi a jikina. Likita ya ce kafin cin abinci lamba ta tsaya tsakanin 80 da 130, awa 2 bayan ci kuma kar ta kai 180. Shayi da burodi na safe wallahi shi ya fi harba min suga sama, sai tuwon shinkafa idan na cika kwano, sai fura in an zuba mata suga. Wake, alale, kwaɗon zogale, ƙwai, waɗannan lafiya lau. Kuma ranar da na taka da ƙafa bayan cin abincin dare ko na minti 20 ne bambancin a fili yake, ba wanda ya ba ni labari, da idona na gani, shi ya sa yanzu ko an ce in ƙara loma nake iya cewa a'a ba tare da jin an takura min ba.

A wanke hannu da sabulu a goge ya bushe kafin awo, don ragowar mangwaro ko dabino a yatsa na iya ba ka lambar da za ta tayar maka da hankali a banza. Robar tsinken kuma a rufe ta ruf, kar a bar ta a mota ko taga, zafinmu na Afrilu yana lalata su. Wasu asibitocin da wani ma'auni daban mai suna mmol suke lissafi, ka raba lambarka da 18 sai ta yi daidai da tasu.

Inda aka fi jin jiki shi ne kuɗin tsinke, kuma wannan kowace irin na'ura haka take, na'urar sau ɗaya ake saye amma tsinke kullum ƙarewa yake. Kafin ka biya duba ranar da zai daina aiki a jikin kwalin.

Abin da ke damuna shi ne masu ajiye maganin asibiti saboda wani ya ce jiƙonsa na warkar da suga gaba ɗaya. Don Allah ku auna ku gani. Idan kuma ka ji rawar jiki da gumi da jiri, ka auna ta yi ƙasa da 70, sha abu mai zaƙi nan take ko da azumi kake. Gwajin HbA1c na asibiti shi ma kar a bari, shi ke nuna yadda sugan ya kasance a kusan wata 3 da suka wuce, na'urar gida ba ta maye gurbinsa.