Buganbiliyar da na sayo a Kano: yadda ta zauna a ƙasarmu

Duk wanda yake zaune a ƙauye, ruwansa daga rijiya ko tuƙa-tuƙa, kuma yana sha'awar fure a gidansa, to buganbiliya, wata shukar ado mai ƙaya da ke hawa katanga, zan nuna masa. Na sayo dashenta wurin masu rainon furanni na bakin titi a birnin Kano, na kawo ƙauyenmu a yankin Ringim. Yanzu ta ga damina, ta ga hunturu, ta sha zafin bazara.

Dashen a baƙar leda suke sayar da shi, kuma farashin bai fi ƙarfin talaka ba. Mai wurin dattijo ne da ya san aikinsa. Da zan tafi ya ce mini: "Malam, kada ka zare ledar da ƙarfi. Ka yanka ta da reza, ka sa ta a rami da ƙasarta, don saiwarta ba ta son taɓi." Gaskiya ya faɗa, saiwar buganbiliya siririya ce, da ƙasar ta warwatse sai dashen ya yi yaushi.

Gane ta ba wuya ko ba ta yi fure ba. Ka duba reshen: ganyen ɗaya-ɗaya suke fitowa, ba biyu suna kallon juna ba, kuma a hammatar ganyen akwai ƙaya mai ɗan lanƙwasa. Abin da ya fi burge ni shi ne, launin nan da ake hangowa daga nesa ba shi ne furen ba. Wasu ganye ne guda uku, sirara kamar takarda, da suka rungume furen na ainihi, wanda ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Asalinta Kudancin Amurka ne, musamman Barazil, inda Faransawan da suka zagaya duniya a jirgin ruwa tsakanin 1766 da 1769 ƙarƙashin Louis Antoine de Bougainville suka gan ta. Ga nisan tafiya, amma sai ka ce don jigawarmu aka yi ta.

Da damina kuwa ba ta ba ni komai ba sai ganye. Ta yi kore shar, rassa suka haye katanga, maƙwabta na tambaya wai ina furen da nake ta yabo. Ruwa na ɗaukewa, kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai katangar ta rine. Halinta ke nan: in ta ƙoshi da ruwa da taki, ganye take yi, in ta ɗan ji ƙishi, sai ta yi fure. Da zarar ta kama ƙasa, ba a ba ta ruwa sai ƙasar gindinta ta bushe. Kashin shanu da ya ruɓe, ɗan kaɗan, ya wadatar. Yuriya ganye kawai za ta ƙara mata. Kada a dasa ta a inuwar darbejiya ko kusa da rariya, rana take so tun safe har la'asar, kuma ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwarta.

Awaki su ne babban aiki. Ƙayar ba ta hana su cinye sabon toho, dole a kewaye ta da shingen ƙayar magarya har ta fi ƙarfin bakinsu. In an datse rassa kuma a tattara a ƙone, saboda yara masu yawo ba takalmi.

Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba wurin masu sayar da furannin. Na ce ja nake so, aka tabbatar mini, amma da ta buɗe sai ga ruwan hoda. Ka sayi wadda ka ga launinta da idonka. Na biyun ya fi damuna: a jere ɗaya da buganbiliya suke ajiye oliyanda, wata shukar fure mai dogayen ganye sirara masu kauri, ana tallata ta ba tare da an ce guba ce ba. Ganyenta da furenta da itacenta duk guba ne, tana kashe akuya da tunkiya da saniya, ko hayaƙinta ba a so a shaƙa. Wanda zai kai fure gidan da ake kiwo ya cancanci a gaya masa wannan.

Ban da haka, zan sake komawa wurinsu. Ko da yake yanzu matan unguwa sun fara karɓar iri a wurina: reshen da ya ƙosa, tsawon taƙi ɗaya, a cire ganyen ƙasa, a soka a leda mai yashi da ɗan taki a farkon damina, a ajiye a inuwa har ya yi toho.