Nissan 350Z ta hannu a titunan Kano, daɗinta da wahalarta

Nissan 350Z ce ƙirar 2004, mai giyar hannu, ƙofa biyu kujera biyu, na saye ta a Abuja a 2022 a hannun wani bawan Allah da iyali suka yi masa yawa ya gaji da ita, kuma har yanzu tana wajena a Kano. Duk mai tambayata ko shi ma ya saya amsa ɗaya nake ba shi, in kana da wata motar a gida wadda za ta kai yara makaranta ta shiga Dawanau ta ɗauko buhun shinkafa to bismillah, in kuwa ita kaɗai za ka dogara da ita wallahi ka haƙura ka nemi Corolla ka zauna lafiya da kowa.

Kuɗin sayenta ba shi ne matsalar ba, abin da na biya a lokacin bai ma kai kuɗin Corolla 2010 mai tsafta ba, saboda masu nemanta kaɗan ne, dillalai ma ba sa son ajiye ta don tana daɗewa a fili. Harka ce irin ta doki, sayen ba wuya, harawa da dusa na kullum su ne aikin.

Kafin na biya na ɗauki lambar shasi, mai harufa 17 ɗin nan da ke jikin gilashin gaba ta gefen direba, tata da JN1 ta fara tunda ƙirar Japan ce duk da an yi ta ne don kasuwar Amurka, na saka a Google kawai sai ga hotunanta a filin gwanjo na Copart, gaban ya ɗan daku ta gefen fasinja, fitila ta fashe, bamba ta yage, amma balan-balan ɗin sitiyari bai fita ba. Mai motar bai ɓoye ba, ya ce a haka aka kawo ta aka gyara a Legas. Wannan binciken kyauta ne kuma minti biyu ne, amma sai ka ga mutum zai zuba miliyoyi a mota ya tsaya yana buga taya da ƙafa yana cewa ai jikinta garau. Takardun duti ma na sa an duba min su da kyau, don tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, kuma mota irin wannan ba ta ɓuya a hanya, ko kana tsakiyar motoci ashirin kai za a ɗaga wa hannu.

Injin dai ba abin cewa sai masha Allah. V6 ne mai lita 3.5, sunansa VQ35DE, ƙarfin doki 287 a wannan shekarar, kuma tayoyin baya ne ke tura motar. Abin da ya sa na iya riƙe ta har yau shi ne dangin injin nan sun cika ƙasar nan, shi ne a cikin Murano ta farko, da Maxima, da Altima mai 3.5, da Infiniti FX35 da G35, shi ya sa fulogi da kwayil da filtar mai da wasu sensa in ka shiga Ƙofar Ruwa ba za ka fito hannu rabbana ba. Sai dai a kula, a Murano da Maxima injin a kwance yake ta gefe, a Z kuwa a miƙe yake, don haka ba komai ne ke hawa ba, kayan G35 da FX35 su ne suka fi kusa da ita. Bakanikena ma da farko da ya gan ta cewa ya yi Alaji ina ka samo mana wannan jarabar, da ya buɗe bonet ya leƙa sai ya yi dariya ya ce au, ashe 'yar gida ce.

In kana son sanin abin da ya sa mutum yake jure duk wahalarta, ka fita da ita bayan sallar asuba ka hau titin Zariya tun kafin manyan motoci su farka. Kana zaune can ƙasa kamar a tabarma, dogon bonet a gabanka, agogunan gudu suna motsi tare da sitiyari in ka ɗaga shi ko ka sauke, ga wasu ƙananan agogo uku a tsakiyar dashbod sun karkato suna kallonka, ɗaya na ƙarfin bugun baƙin mai ɗaya na batir ɗaya na lissafin tafiya. Ka sa giya ta uku ka ɗan taka, ƙarar salansar nan tana fitowa ne daga ƙasa ƙasa sannan ta buɗe, bayanka ya manne da kujera, tirelar da kake tunanin yadda za ka wuce kafin ka gama tunanin tana madubi. Ba sai ka yi gudun hauka ba, ƙa'idar babban titi kilomita 100 ce a awa kuma a nan ma daɗin yana nan, a kwana ne ma take nuna kanta, sitiyarin yana da nauyi, inda ka nuna mata nan take bi ba tangaɗi ba lilo. Agogon gudun da mil yake ƙirga, manyan lambobin kenan, in ka ga allura a 80 to kana wajen kilomita 130 ne, wanda bai saba ba zai iya ruɗewa.

Matsalar ita ce rayuwa ba a titin Zariya da asuba ake yin ta ba. A gosulon Kurna ko na Kwari da rana tsaka, adaidaita sahu ta dama adaidaita sahu ta hagu, kulocin nan mai tauri sai ƙafarka ta hagu ta yi tsami, zafin giya yana tasowa ta tsakiya yana dukan cinyarka, kujerar fata ce baƙa, a watan Afrilu in ka ajiye ta a rana ka dawo sai ka yi bismillah kafin ka zauna. Wai har da maɓallin ɗumama kujera a jikinta, a Kano fa. Esi ɗin tana sanyi ba laifi tunda cikin motar ƙarami ne. Baya kuma ba ka gani sosai, gilashin baya siriri ne, gefe da gefe duk ƙarfe, mai babur zai iya laɓewa a nan ba ka sani ba, sai na sa mata kyamarar baya sannan na samu sauƙin ribas.

Ƙasan motar shi ne babban tashin hankali. Tudun nan da mutanen unguwa suke yi da siminti a layi don rage gudun motoci, wanda kowa ke yin nasa daidai ƙarfin fushinsa, ni a karkace nake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, na baya suna ta hon, kuma duk da haka wani lokacin sai ka ji ƙurrr a ƙarƙashi har cikin haƙoranka. Akwai layukan 'yan uwa da na daina shiga da ita kwata-kwata, a bakin titi nake ajiyewa na ƙarasa a ƙafa. Gadar ƙofar gidana ma sai da na kira magini ya sassauta gangaren. Da damina in ruwa ya taru a titi ba na ko gwadawa, inda Hilux za ta ratsa tana fesa ruwa ni ruwan zai iya kawo min bakin ƙofa. Sannan ruwan farko, lokacin da ƙura da baƙin mai suka jiƙe a kan kwalta, in ka taka mai da ƙarfi a shataletale bayan motar zai nemi ya wuce gaba, tawa tana da VDC, na'urar da ke kamo ta in ta fara santsi, amma akwai samfurin da ba shi da komai, wanda ya saba da Camry ko Accord masu ja da gaba ya yi hattara sosai a nan.

Sai mai. Tankinta lita 76 ne. Lokacin da na saya farashin gwamnati bai wuce naira 185 ba, wato da dubu goma sha huɗu da 'yan kai ka yi ful tanki in ka dace da layi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, sai ful tanki ya koma sama da dubu saba'in. A cikin gari da esi a kunne abin da nake samu bai wuce kilomita biyar zuwa shida a lita ba, a doguwar hanya a giya ta shida ne take ɗan tausaya min ta kai wajen goma. Kuma kamfanin ya rubuta mai mai ƙarfi take so, wanda su can suke da famfonsa daban, mu nan abin da gidan mai ya ba ka shi za ka sha, don haka na tsayar da gidan mai ɗaya da na yarda da shi, man galan na bakin titi kuwa ko a mafarki ba na zuba mata, in man ba shi da kyau za ka ji injin yana ƙyas-ƙyas in ka taka a babbar giya. Tun daga lokacin ta koma motar Juma'a da Asabar da Lahadi, sauran ranaku tsohuwar Golf ɗin gida ce ke wahala.

Abubuwan da suka lalace a hannuna ba su fi ƙarfin mutum ba, amma sai kana da bakanike mai saurare. Ta taɓa fara mutuwa in ta yi zafi, ka tsaya a danja ta ɗauke, ka yi ta murza ki kafin ta tashi, wani ya ce famfon mai ne wani ya ce a sauke inji, aka sa mata kwamfuta ta nuna P0345, sensar kamshaf ce ta ɓangare ɗaya, muka samo Beljiyom aka ɗaura shikenan. Na'urar da ke ɗaga gilashin ƙofar direba ma ta mutu, kuma gilashin nata ba shi da firam, in ka buɗe ƙofa yana ɗan sauka da kansa in ka rufe ya koma, to in na'urar ta mutu ƙofar ba ta rufuwa daidai, iska da ƙura suna shigowa, rewaya ya kwana biyu a kai. Wanda ya riƙe ta kafin ni an cire masa tamostat an haɗa fanka kai tsaye an cika lagireto da ruwan leda, irin aikin da ake yi wa kowace mota wai don ƙasarmu da zafi, na mayar da komai yadda kamfani ya yi na zuba ruwan lagireto na gaske, allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba ko a watan azumin bazara. Baƙin mai 5W-30 nake zuba mata, wajen lita biyar take ci, kuma tana ɗan shan sa tsakanin juye da juye, duk sati sai na zaro sandar awo na duba, sandar ma wata irin karkatacciya ce mai wahalar karantawa, sai motar ta kwana ta huce kake ganin gaskiya.

Taya kuwa na gaba daban na baya daban, 225/45 a gaba 245/45 a baya duk rim 18, ba ka isa ka juya na baya su dawo gaba ba, kuma ƙirar 2003 da 2004 an san su da cin tayar gaba ta ciki, tayar ta yi tudu-tudu ta dinga gurnani in za ka tsaya. Sai da na canza bushin ɗin ƙafafun gaba aka yi mata alaimen a wajen masu kwamfuta sannan abin ya lafa. Rami ɗaya mai kyau a hanyar Gwarzo ya isa ya kumbura maka taya ya lanƙwasa rim.

Inda za ka yi kuka shi ne kayan jiki. Fitila, bamba, madubin gefe, gilashin baya, marfin but, babu motar da take aron su. Wani mai adaidaita ya goge min madubi ya fito yana Alaji yi haƙuri don Allah, to me zan ce masa, ko ya sayar da keken ba lallai a samu madubin a Kano ba, aka nema a Panteka a Kaduna babu, Apo a Abuja babu, sai wani a kasuwar Ladipo ta Legas ya samo bayan makonni, kalar ma ba ɗaya ba sai da aka yi fenti.

But ɗin abin dariya ne, wani ƙaton ƙarfe ne ya gitta ta tsakiya da tambarin Z a jiki, yana riƙe ƙafafun baya, babbar akwati ba ta shiga sai jakunkuna masu laushi, har da 'yar takarda kamfanin ya manna mai zanen yadda za ka jera jakar golf biyu. Gaban fasinja babu aljihun ajiye takardu, yana bayan kujerarsa, duk sanda masu kaki suka tsayar da ni sai na fito na kwantar da kujera kafin na ɗauko takardu, su kuma ana dubawa ana tambayar oga nawa take gudu. Hajiyarmu sau ɗaya ta shiga, da ƙyar aka fito da ita tana salati, ta ce kada na sake zuwa ɗaukarta a wannan abar. Uwargida tana sonta in mu biyu ne da yamma, amma da ta tuna kuɗin tayar da aka saya sai fuskar ta canza. Wajen ɗaurin aure ko jana'iza ba ka iya rage wa mutane hanya sai mutum ɗaya, wasu suna ganin kamar wulaƙanci ne. Samarin unguwa kuma duk bikin da ya taso sai an turo a ara musu don rakiyar ango, na san wasan mota za a yi da ita a ƙona min kuloci da tayoyi, ba na bayarwa, an ce ina da rowa na ce na ji.

Wanda ya nace sai ya saya, in aljihu ya kai ya nemi ƙirar 2007 ko 2008, masu injin VQ35HR mai doki 306, za ka gane su da ɗan tudu a kan bonet da bututun iska biyu, sai dai kayansu sun fi wuyar samu a nan. Ta 2006 mai giyar hannu an san ta da shan baƙin mai sosai, a bincika da kyau. Ka je da safe kafin a tayar da ita, kai za ka fara murza ki ka ga ko tana hayaƙi, ka sa a ɗaga ta a duba ko indomin salansa, abin nan mai tace hayaƙi, yana nan ba a sace ba, ka ja ta har ta yi zafi ka sa giya ta uku da ta biyar da sauri ka ji ko tana gurza, gyaran giyarta ba ƙaramin kuɗi ba ne. A Kano kuma da za a mayar da ni baya otomatik zan ɗauka saboda gosulo, duk da abokaina masu son mota za su ce na ba da maza.