Vélodyssée ko Vélomaritime: wacce ta dace da mai keken tsere da hutun mako guda?

Ɗan uwa, ka ce kana da hutun mako guda a Faransa, kekenka na tsere ne mai siririyar taya milimita 28, kuma burinka ka ga teku ka ratsa tsofaffin garuruwa, sai dai ka rasa wacce za ka bi cikin dogayen hanyoyin keken nan biyu, Vélodyssée da Vélomaritime. Amsar ita ce Vélomaritime, matuƙar za ka gyara giyar kekenka kafin ka tashi.

Dukansu daga Roscoff suke farawa, wani ƙaramin garin tashar ruwa a yankin Bretagne. Vélodyssée ta yi kudu har Hendaye a iyakar Sifen, sama da kilomita 1,200. Vélomaritime kuwa ta yi gabas har Dunkerque kusa da iyakar Beljiyam, wajen kilomita 1,500. Mai yin kilomita 70 zuwa 80 a rana ba zai wuce 560 a mako ba, don haka yanki guda za ka yanka a cikin ɗayarsu.

An fi sanin Vélodyssée saboda sauƙinta. Mafi yawanta hanyar keke ce zalla da aka raba da titin mota, kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, tana yawan nisa da teku. Daga Roscoff zuwa Nantes, kusan kilomita 400, cikin ƙasa take bi: tsohon layin dogo daga Morlaix zuwa Carhaix, sannan gefen magudanar ruwan da aka haƙa tsakanin Nantes da Brest, ta Pontivy da Josselin da Redon. Wurin yana da kyau, fadar Josselin da ke tsaye a bakin ruwa ma abin kallo ce, amma wurare da dama ba kwalta ba ne, tsakuwa ce da aka daddaɓe. Idan aka yi ruwa, tayar 28 tana nutsewa, taɓo mai yashi ya cika cen da birki. Can kudu kuma, bayan jirgin fito ya tsallakar da kai daga Royan zuwa Le Verdon, sai dajin Landes: kwanaki kana tafiya a miƙe cikin itatuwa iri ɗaya, tekun yana bayan tudun rairayi, kana jin rurinsa ba ka ganinsa. Kwaltar can saiwoyi sun ɗaɗɗaga ta daga ƙasa, iska kuma tana zuba yashi a kwanoni, wanda shi ne ke kwashe tayar gaba. A tsakiyar zafi hukuma kan taƙaita shiga dajin saboda gobara, irin wadda ta ci yankin tudun Pilat a 2022.

Inda Vélodyssée ta cika alƙawarinta shi ne tsakanin Nantes da Royan. Nan ne La Rochelle da hasumiyoyinta masu gadin bakin tashar ruwa, garin da dakarun sarki suka yi wa ƙawanya a 1627 zuwa 1628, da Rochefort mai tsohon gidan tufka igiyar jiragen yaƙi, gini ɗaya mai tsawon mita 374. Akwai kuma Passage du Gois, titi mai kilomita 4 da ɗoriya zuwa tsibirin Noirmoutier, wanda teku ke rufewa sau biyu a rana. Ana wucewa ne kimanin awa ɗaya da rabi kafin ruwa ya gama janyewa zuwa awa ɗaya da rabi bayan nan, kuma gansakuka tana sa shi santsi ƙwarai.

Vélomaritime ba haka take ba. Yawancinta ƙananan titunan ƙauye ne masu kwalta da ake rabawa da motoci 'yan kaɗan, abin da keken tsere yake so ke nan. Teku kuma yana gabanka: jajayen duwatsun Perros-Guirec, tashar masunta ta Paimpol, tsaunin Cap Fréhel, sai Saint-Malo da ganuwarta, garin da yaƙi ya rushe mafi yawansa a Agustan 1944 aka sake gina shi da dutse a kan tsohon fasalinsa. Kuɗin wannan kallon da ƙafa ake biyansa. Gaɓar Bretagne ba ta da manyan tsaunuka, amma kowane gari yana kwance a bakin kwari. Za ka gangaro, ka tsallake gada, ka tarar da hawa gajere mai tsini, wani ya haura kashi 10 cikin 100, ka kai sama, bayan 'yan kilomitoci a sake. Ba hawa ɗaya ke gajiyar da mutum ba, maimaituwarsa ce tun safe har la'asar. Haka abin yake a Normandi tsakanin Étretat da Dieppe.

Shi ya sa maganar giya ta zo farko. Idan ƙaramin farantinka na gaba mai haƙora 39 ne, babban na baya 28, da kaya a bayanka za ka riƙa sauka kana turawa, gwiwa kuma ta fara ciwo tun rana ta uku. Nemi faranti 50 da 34 a gaba, na baya kuma ya kai 32 ko 34. Kafin ka saya, bari mai gyara ya duba ko mai sauya giyar baya yana da dogon hannun da zai ɗauki 34, kuma kusan kullum sai an sa sabon cen mafi tsawo. A Vélodyssée ba ka buƙatar wannan, abin da take nema shi ne taya mai faɗi, 32 ko 35, wadda tsofaffin kekunan tsere da yawa ba su da gurbinta. Tayarka ta 28 za ta yi a Vélomaritime. Ga mai nauyin kilo 70 da kaya kaɗan, iskar taya ta tsaya wajen PSI 75 zuwa 80 a ma'aunin famfo, kada a cika ta tam, don taya mai tauri tsalle take yi a kan gargada, riƙonta ya ragu.

Tsofaffin garuruwan suna da nasu tarkon. A Dinan, ɗan nesa kaɗan daga Saint-Malo, akwai titin Jerzual da ke gangarawa tashar kogi, an shimfiɗe shi da duwatsu masu sulɓi tsakanin gidajen katako. Sauka za ka yi ka ja keken. Takalmin tsere mai ƙugiyar roba a waje zamewa yake yi a irin wurin, gara mai ƙugiyar ƙarfe da ke ɓoye cikin tafin takalmi. Iskar teku kuma gishiri gare ta: kowane dare goge cen da tsumma, ɗiga mai kaɗan, sake gogewa. Mai da yawa yashi yake tarawa, ya cinye haƙora. Riƙe tiyub biyu, kayan faci, famfo, da mahaɗin cen ɗaya.

Iska yawanci daga yamma take zuwa, don haka bi Vélomaritime daga yamma zuwa gabas. Ana yawan yin ruwan sama a nan, rigar ruwa dole ce ko a Yuli. Yuni da Satumba sun fi Agusta, lokacin da masauki ke cika, titunan gaɓa su cushe. Nemi masauki mai alamar Accueil Vélo, suna kusa da hanya kuma suna da ma'ajiyar keke mai kulle. Shagunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana da yammacin Lahadi, a sayi guzuri da safe. Naman halal sai a manyan garuruwa, amma kifi ba ya yankewa a gaɓar. Doka ta hana sa abin sauraro a kunne ana tuƙa keke, ta kuma wajabta riga mai ƙyalli a wajen gari da dare ko cikin hazo.

Tsarin da ya dace da makonka: jirgin ƙasa daga Paris zuwa Morlaix, ka kama keken gurbi tun wajen sayen tikiti, sannan kwana shida zuwa Mont-Saint-Michel, ɗan tsibiri mai tsohon gidan ibada a kan dutse, kilomita 400 da wani abu. Daga Dinard shiga ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallakawa Saint-Malo a lokacin bazara, ya fi bin titin madatsar Rance mai yawan motoci. Tashar jirgin komawa tana Pontorson, kimanin kilomita 9 daga Mont-Saint-Michel. Idan kuwa gwiwarka tana damunka, ko sauya giyar ba zai yiwu ba, ɗauki Nantes zuwa Royan, ka ware yini guda cur don La Rochelle.